Sandar Baba Yakuba

Ranar da Baba Yakuba ya sake takawa da ƙafarsa, ɗiyarsa Nasiba ce ke riƙe da salula. An yi ruwa da asuba, tsakar gida duk danshi, kaji na tsattsage a gindin mangwaro. Tsohon ya dafa sandarsa, ya taso daga bakin ɗaki yana jan ƙafar hagu, yana haki, bai tsaya ba sai da ya taɓa kututturen mangwaron da tafin hannunsa. Matarsa Inna Bibata ta saki ludayi cikin tukunya ta fashe da kuka. Nasiba ma hoton bidiyon sai karkace mata yake yi, amma ba ta daina ɗauka ba.

Sandar aikin Dodo ce, amininsa mai facin taya a bakin tasha. Shi ya sassaƙa ta, ya liƙa mata guntun taya a gindi don kada ta zame, shi ya sa in ta sauka ƙasa sai ta yi wani ɗan ƙara, tuf, tuf, kamar ana buga ƙullu a nesa.

Yazidu, babban ɗan gidan, ya rungume mahaifinsa da hawaye na gaskiya a idonsa. Wannan Nasiba za ta iya rantsewa a kansa. Sannan ya karɓi salular, ya kalli bidiyon, ya sake kallo, ya ce kada kowa ya ga wannan tukuna.

Yazidu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ya karanto a Yamai, abin da ake ce wa kine. Ya dawo Gaya da diflom da farar riga, ya yi shekaru yana zaman kashe wando, ba wanda ya ɗauke shi aiki. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba, tsohon direban kamyon, babbar motar kaya, da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Kwatano, sai Yazidu ya tuɓe ya kama aikin da ya koya a jikin ubansa, Nasiba na ɗauka, shi yana sawa a shafinsa na bidiyo. Kuma a faɗi gaskiya, abin ya yi amfani. Mutanen da ke cewa iska ce ke bugun mutum, ba a taɓa shi sai da hayaƙi, sun fara kawo nasu. Wata mata daga Tanda ta aiko da murya tana kuka, ta ce da kallon shafin ta koya wa mijinta riƙe cokali. Ana tsallako gulbi daga Malanbil ana tambayar gidan lokotoron, wato likitan, da ke cikin waya. Wani mai motoci ya yi alkawarin ba shi shago a bakin titi ya buɗe kabine, wurin duba majinyata, idan damina ta wuce, Yazidu kuma ya ce Nasiba ce za ta zauna a teburin karɓar baƙi. Ita da ta gama lakkol, makarantar boko, tana zaune tana tankaɗen gari, wannan magana ta shiga ranta ƙwarai.

Matsalar ita ce shafin yana baya. Yazidu ya tara bidiyo da yawa, yana sakin su ɗaya-ɗaya kowace Juma'a don kada masu kallo su ƙoshi. A gida Baba na takawa, a cikin waya kuwa har yanzu koyon zama yake, ana tokare shi da matashi. Tafiyar nan ta gindin mangwaro Yazidu ya ware ta don ranar buɗe kabine.

Kashegari Baba ya sa aka fito masa da rigarsa mai aiki, ya ce zai leƙa fadar Dodo, inda suka saba zaman hira. Shi ma Dodo ciwon suga ya kumbura masa ƙafafu, an daɗe ba ya iya zuwa gidan Baba, sai dai 'ya'yansa su ɗora shi a kujera a bakin rumfar faci ya yi ta faɗa da masu aiki. Tsakanin gidan da rumfar ba nisa, ko mai sanda zai kai kafin shayi ya huce.

Yazidu ya ɗauko abin awo ya naɗa a damtsen Baba, ya matsa, ya yamutsa fuska. Ya ce tansiyo ta hau, wato jini ya hau, ga rana, ga taɓo a hanya, a bari sai wani sati. Yana magana yana jefa Faransanci, don ya lura in ya yi haka ba mai ja da shi. Nasiba na tsaye a bayansa, ta ga allurar awon, kuma zaman da ta yi tana ɗaukar hoto ya koya mata inda take tsayawa in lafiya lau ne. Nan kuwa allurar ta tsaya. Ta bar shi ya naɗe abin awonsa.

Da suka keɓe a zaure ya faɗa mata gaskiya.

"Kowa a garin nan da salula a hannunsa, Nasiba. Yana fita wani zai ɗauke shi ya watsa. Sai a ce duk abin da nake sawa ƙarya ne, tunda ga shi yana yawo a tasha. Ki ba ni wata biyu kawai."

"Yaya, to a saki na tafiyar mana yanzu."

"In na saki yanzu, ranar buɗewa me zan nuna? Ke ba ki son aikin ne?"

Tana so. Abin da ya rufe mata baki ke nan.

Wani satin ya zo, tansiyo ta sake hawa. Wanda ya biyo baya kuma aka ce sauro ya yi yawa, ana zazzaɓi a gari. Baba bai yi gardama ba, sai ya riƙa zagaya tsakar gida, daga ɗaki zuwa rijiya, daga rijiya zuwa mangwaro, tuf, tuf, yana yi wa kaji tsawa su ba direba hanya. Rannan da Yazidu ya fita duba wani majinyaci, sai ga tsoho ya kai zaure, har ya sa hannu zai zare sakata. Inna ce ta riƙo rigarsa tana salati. Da Yazidu ya dawo ya ji labari, bai yi faɗa ba. Ya jira Baba ya yi barcin rana, ya ɗauko sandar ya miƙa wa Nasiba, ya ce ta adana.

Ta tura ta ƙarƙashin gadonta, bayan akwatin kayanta. Da Baba ya farka yana lalube, ta taya shi nema. Ta duba bayan ƙofa, ta ɗaga tabarma, har rijiya ta leƙa, tana jin kunyar kanta kamar ta nutse. Ta ce wataƙila yaran maƙwabta ne suka ɗauka. Baba ya dube ta, ya ce Allah ya shirye su.

Inna ta san komai, amma ita ma da nata uzurin. Ba ta kiran sunan Yazidu don ɗan fari ne, Lokotoro take ce masa, kuma tun da sunan ya kama bakinta ta sallama masa gidan. In Baba ya yi ƙorafi sai ta ce, Malam, wa ya tashe ka in ba shi ba? Lokacin da kake kwance ko miyau ba ka iya haɗiyewa, wa ya tsaya a kanka? Yaron nan ya daɗe yana shan rana, yanzu da Allah ya buɗa masa, ai sai mu rufa masa asiri. Duk gaskiya ne. Abin da ya sa maganar ke da wuyar turewa ke nan.

Sai kuma bidiyon da aka tara suka ƙare kafin lokaci. Dole a ɗauki sababbi, kuma dole su yi daidai da inda shafin ya tsaya. Yazidu ya riƙa zaunar da Baba a bakin gado yana ce masa ya yunƙura kamar zai tashi, sai ya koma ya zauna. Mutumin da ya taka har zaure, shi ake koya wa yadda zai kasa miƙewa. Ranar farko ya mai da abin wasa, ya ce ya yi aparanti, wato yaron mota, ya yi direba, ashe da sauran sana'a a gaba, ta 'yan wasan kwaikwayo. Idan ya manta ya miƙe tsaye sosai, sai Yazidu ya ce a sake. Nasiba ta goge, ta sake ɗauka. A hankali wasan ya fita daga bakin Baba. Ana cewa yunƙura sai ya yunƙura, ana cewa koma sai ya koma, idonsa a kan bango. Daga baya ma aka daina cewa a sake, don ya iya sosai.

Ta lura ƙafar hagun ta fara komawa yadda take. Ba sanda, ba zagayen tsakar gida, sai dafa bango zuwa bayi. Ta faɗa wa Yazidu, ya ce ba komai, tsoka ce ta yi sanyi, da an buɗe kabine zai dawo da ita cikin sati guda. Yanzu ma ba shi da lokacin gashin da yake yi wa Baba safe da yamma, don masu kiran waya sun yi yawa, kullum yana kan kabu-kabu daga wannan unguwa zuwa waccan.

Cikin haka saƙon murya ya shigo salular Nasiba daga Dodo. Ta kai wa Baba ta kunna masa. Muryar ta dushe, amma tsiyar na nan.

"Fofo, sannu, Yakuba, ragon banza. Ina ganinka cikin waya kullum kana zaune kamar amarya. Ina sandar da ni sassaƙa maka? In ba ka iyawa ka maido min abata. Ka taso ka zo in gan ka, ni jikin nan ya ƙi."

Baba ya yi dariya har da tari, rabonsa da irinta an kwana biyu. Ya ce ta danna masa ya ba shi amsa. Ya gyara zama, ya kawo bakinsa kusa da salular.

"Dodo, kai ne rago. Wallahi ina tahiya, na kai mangwaro, na kai zaure. Abin da kake gani cikin waya tsohon labari ne. Yaran ga ne suka tsare ni, amma ina nan tahe, ko da rarrahe ne. Ka aje min shayina."

Nasiba ta fito da salular a hannu. Ta san Dodo. Abin da ya shiga kunnensa ya shiga tasha, kafin la'asar duk direbobin Gaya sun ji. Ta tsaya a bakin madafa tana kallon saƙon, ta tuna teburin da aka riga aka saya, da atamfar da ta kai ɗinki don ranar buɗewa. Yazidu ba ya gida, ba wanda ya ce mata ta yi ko kada ta yi. Ta goge shi da kanta. Ta koma ta ce wa Baba ya tafi.

Kullum da safe sai ya tambaya ko Dodo ya amsa. Ta ce rezo ne, layin waya, ba kyau. Ta ce wataƙila salularsa ba caji. Da ƙaryar ta ƙare mata sai ta riƙa aika masa koko ta hannun Inna, don kada su haɗa ido. Shi ma sai ya daina tambaya.

Dodo ya rasu wata Laraba da hantsi. Labarin ya shigo gida daga bakin mai tallan kifi, kafin kowa ya yi dabarar ɓoyewa Baba ya ji. Yazidu yana can Bengu wajen wani majinyaci, ya bugo ya ce kada a bari ya fita, zai je jana'izar a madadinsa in ya samu dawowa. Hanyar maƙabarta ta bakin layinsu take bi. Da aka ji takun jama'a da salati sama-sama, Nasiba na madafa, sai ta ji wani abu ya faɗi a zaure kamar buhu. Ta ruga ta tarar da Baba a ƙasa, hularsa a gefe, ya sa rigarsa mai aiki a baibai. Da dafa bango ya zo, amma tsakanin ƙarshen bangon da ƙofar akwai ɗan fili da ba abin kamawa. Da sanda ba komai ba ne. Yana kwance yana jin takun mutane har suka wuce, bai yi kuka ba, bakinsa kawai ke motsi.

Ba karaya, in ji Yazidu da ya dawo ya duba, buguwa ce kawai a ƙugu. Ya ƙara da cewa ga abin da yake gudu ke nan, da an bar shi ya fita titi ai da abin ya fi haka. Inna ta ce ƙwarai kuwa, Allah ya taƙaita. Nasiba ta shiga ɗakinta ta zauna a bakin gado, dunduniyarta na taɓa akwatin, ta kasa ko sunkuyawa.

Daga ranar Baba bai sake tashi ba. Buguwar ta warke, shi ne bai warke ba. Ya juya fuska bango, in an kawo tuwo ya ɗan taɓa ya ture. Yazidu ya tsorata, ya dawo da gashin safe da yamma, yana lallashi, yana cewa saura kaɗan Baba, ranar buɗewa da ƙafarka za ka shiga. Baba ya bar masa ƙafar ya yi ta juyawa kamar ba tasa ba. Idan aka ce yunƙura, sai ya yunƙura ya koma, daidai yadda aka koya masa. Sai dai yanzu ba wasa ba ne, kuma ba mai ɗauka. Ƙaurinsa ya tsotse, wandon ya yi masa yawa. Nasiba ce ke juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, kuma duk juyi sai ta ji ya fi jiya rashin nauyi.

Damina ta wuce, aka buɗe kabine. An kafa rumfa, an yi addu'a, an raba lemo, Yazidu ya sha farar riga sabuwa. Ya gaya wa baƙi cewa tsohon yana hutawa a gida bisa shawarar likita, wato shawararsa. Da azahar ya saki bidiyon. Nasiba na zaune a teburinta cikin sabuwar atamfa, salula ta kama ruri ba tsayawa. Masha Allah. Allah ya yi maka albarka, lokotoro. Ɗa na gari ke nan. Kowa ya kunna sai ta ji shi, tuf, tuf, da kukan Inna a baya, da hoton da ke karkacewa. Kafin la'asar ta ce kanta na ciwo, ta hau kabu-kabu ta koma gida.

Ta tarar da mutane a ƙofar gida. Tsofaffin direbobi ne da waɗanda suka yi aparanti a hannun Baba, sun zo da goro da busasshen kifi su yi wa maigidansu barka, suna cewa yau sai ya taka a gabansu sun gani da idonsu. Inna ta sa sakata ta ciki, ta leƙo ta shigar da Nasiba da sauri ta mayar. Ta ce Lokotoro ya bugo, ya ce a faɗa masu yana barci. Da can an kulle shi don kada a ga yana tafiya, yau kuma za a kulle shi don kada a ga ba ya tafiya. Nasiba ta tambayi Inna har yaushe zai yi ta barcin. Inna ta kau da kai, ta ce ita dai ba ta son abin da zai zubar da mutuncin yaron nan a ranar farin cikinsa.

Nasiba ta wuce ɗakinta, ta durƙusa, ta jawo sandar. Ƙura da yanar gizo sun lulluɓe ta. Ta goge da bakin sabon zanenta, ta kai ɗakin Baba ta ajiye a gefensa, ta tsuguna. 

Baba ya juyo a hankali. Ya shafa sandar da hannunsa mai lafiya, tun daga kai har guntun tayar, ya daɗe yana murza shi da babban yatsa. Daga waje ana jin wani ya sake kunna bidiyon, maza na ta kabbara.

"Ƙarƙashin gadonki ta kwana, ko?"

Ta gyaɗa kai.

"Na sani. Ban tambaye ki ba don kada in sa ki ƙara wata ƙaryar." Ya numfasa. "Ta sanda ba ta dame ni ba, ɗiyata. Dodo ne. Tun muna samari bai taɓa barin in zage shi ya yi shiru ba. Da ni ji shiru, na san ba ki aika ba. Ya tahi yana ganin na ji kiranshi na ƙi zuwa."

Nan kukan ya ƙwace mata. Ta ce Baba ka yafe min, ta sake faɗa, ta kifa goshinta a bakin katifa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ɗora hannu a kanta, hannun ba nauyi ko kaɗan, kuma wannan ya fi mata duka zafi. An samu kabine, an samu suna har ƙetaren gulbi, ita ma ta samu teburinta. Duk da ƙafar tsohon nan aka saye su, shi kuwa ko bakin layi ba a bar shi ya kai da ita ba.

"Su wa ke waje?" ya tambaya.

Ta faɗa masa sunayen waɗanda ta gane, ta ce barka suka zo yi.

"Tahi ki buɗe masu. Su shigo su gan ni, su dubi na cikin waya, su zaɓi wanda za su yi wa barkar."

Ta tashi. A tsakar gida Inna ta tare ta tana girgiza kai, tana nuna mata salular da ke ruri, sunan Lokotoro na haskawa a jiki. Nasiba ta karɓa ta kife ta a kan murfin rijiya. Ta bi ta gindin mangwaro, ta shiga zaure, ta tsallake ɗan filin nan da ba abin kamawa, ta zare sakatar.